Ƙaryar Fitila

A gindin duwatsun Talgar, gabas da Almati,
inda tuffa ke nuna har reshe ya durƙusa,
sana'ata ƙarya ce. Ana biyana duk ƙarshen wata.

Tsutsar tuffa ba ta ɗaura agogo,
amma ta fi mu iya ƙidayar rana.
Da ta ga yini ya soma gajarta
sai ta bar cin da take yi,
ta lallaɓa ƙarƙashin ɓawon itace,
ta saƙa wa kanta bargo, ta ja ƙofa.
Ba mutuwa ba, ba barcin gajiya ba,
jira ne da aka ƙulle wa numfashi.
Ƙanƙara ta zo ta ƙare fushinta,
ita ko gezau.

Dakta Botagoz ta ce, "Bana ba feshi.
Mu ƙara wa yini awa biyu."
Muka rataya fitilu tsakanin layukan lambu,
ni na ɗaure wayar, ni ke kunnawa.
Rana na faɗuwa sai in bi bishiya bishiya
ina rantse musu da haske: da sauran bazara.

Suka yarda.
Ba wadda ta saƙa bargo.
Suka yi fiffike, suka fito neman juna
a daren da ruwa ya daskare a bokiti.
Da safe tsoho Kuanish ya tsince su a ciyawa,
ya cika tafin hannu, ya miƙo mini.
Shekara arba'in yana yaƙi da su,
na zaci zai yi dariya.
Busawa kawai ya yi, ya goge hannun a wando.

A ɗakin bincike kuwa juya zancen muke yi.
Dubu shida a firji, cikin kwali mai lamba,
mun ce musu sanyi bai wuce ba.
Wata goma sha huɗu ke nan suna jira.
In muna son ɗari, mu ɗebo mu ɗumama,
su farka cikin bazarar da muka ƙera.

Jiya na je duba mahaifiyata a asibiti,
ɗaki ba taga, fitila ba ta mutuwa.
Ta riƙe yatsana, ta ce, "Tuffa ta nuna?"
A waje ƙanƙara ta kai gwiwa.
Na gyara mata bargo.
"Saura kaɗan, Apa."
Ko gargada ban yi ba. Bakin ya saba.