Mai Gadin Gabas

Mu goma sha ɗaya muka zauna a ajin firamare na Lagdo,
gwiwoyinmu sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur.
Ga Sallau mai gyaran injin kwalekwale,
ga Tasalla mai bandar kifi, hayaƙi ya kama zanenta,
ga ni, mai ɗinkin koma, furfura har gira.

Yarinyar da aka turo daga Garwa, Dudu sunanta,
ta zana hadari a allo,
kansa a baje kamar maƙera.
Ta ce, in kun ga wannan ya kafu a gabas,
gindinsa baƙi, bakinsa na naɗuwa kamar tabarma,
ku dubi agogo kafin tsoro ya zo.

Na ɗaga hannu kamar yaro.
Na ce, gwiwata ta hagu kan gaya mini tun da hantsi.
Aji ya kwashe da dariya. Ita ko murmushi.
Ta ce, Baba Nomau, gwiwarka taka ce,
ba ta shiga waya ta je Garwa.
Gaya mini ta wane gefe, ƙarfe nawa,
reshe ne ke rawa ko bishiyar ce duka,
ƙanƙarar kamar dawa take ko kamar ƙwan zabo.

Sai ta koya mana ƙirga.
Walƙiya ta haska, ka fara: ɗaya, biyu, uku,
kowane uku kilomita guda, har tsawa ta amsa.
Shekara sittin ina jin tsawa ina salati,
ban san nisanta take faɗi ba.

Ban ba ta labarin Barau ba,
ƙanena da ya tura jirgi wata Laraba sama garau,
kwana uku ruwa ya maido mana hula.
Na dai karɓi usur, da kwalbar awo mai zane a jiki,
da lambar waya a bayan kwalin sukari.

Ranar farko da na busa,
jirgi goma sha bakwai suka juyo bakin gaɓa.
Mata suka kwashe kifin shanya, aka danne kwanon rufi da duwatsu.
Hadarin ya tsaya, ya harare mu,
ya karkata kudu abinsa.
Ko ɗigo.
Masunta suka kwana ba ko tarwaɗa ɗaya.
A teburin mai shayi aka naɗa ni Sarkin Ruwan Da Bai Zo Ba,
har da mai yi mini gaisuwar fada.

Na kira Dudu, muryata a ƙasa.
Ta ce, rubuta: ya kauce kudu, biyar da rabi.
Mutanen can ma suna da rufi, Baba.

Yau ga ni kuma a kan tudu, bayan la'asar.
Iska ta ɗauke, tsuntsaye sun yi tsit,
tafkin ya kwanta lumui kamar ba shi ya ci Barau ba.
Gwiwata ta riga ta faɗi nata.
Na bar ta tana faɗi, ina kallon gabas.
Can ƙasa yaran Sallau na tura jirgi,
ɗaya ya waigo ya ɗaga mini hannu yana dariya.

Ta haska.
Usur a leɓena, ina ƙirga.
Ɗaya. Biyu.