Yanke

Shekara ashirin da tafireta na ci abinci,
gindin bedi, daura da ofishin magajin gari.
Takarda ɗaya, tunani ɗaya.
Sai ga kwamfuta ta zo da tarin tagoginta
da ɓeranta mai doguwar wutsiya.

Ran Litinin, ranar kasuwa,
Alhaji Mantau ya tsaya a kaina,
motarsa ta aya na jiran takarda a Ɗan Isa.
Lissafin buhuna na wannan taga,
wasiƙar duwan na waccan,
ta ukun ta shige inda ban sani ba.
Na ja ɓera, ɓera ya ja ni,
na gangara ƙasa, na laluba, na buɗe,
kafin in dawo lambar ta zube daga kaina.
Ɗari huɗu da sittin ne? Ko da shida?
Mai aya na tsaye,
ɓera na gasa mini ita a hannu.

Zuwaira, 'yar ƙanwata, ta dawo daga lakwal,
ta aje jakarta, ta leƙo ta kafaɗata.
"Kawu, kullum sai ka zaga ta gada?
Gulbi fa ya ƙafe, taka ka wuce."
Ta ɗora babban yatsana a kan Alt,
ta ce riƙe, kar ka saki,
ta kai manunina ga mai kibiya biyu.
Ƙyas.
Ga buhuna.
Ƙyas.
Ga duwan.

Na tuna kafar da ke katangar gidanmu a Mokoyo,
inda Inna ke miƙa wa maƙwabciya garwashi
ba ta ɗauki mayafi ba,
ba ta bi ta zaure ba,
hira ba ta yanke ba, tuwo bai ƙone ba.

Ba daƙiƙa biyun nan nake wa murna ba,
lokaci na Allah ne.
Zaren tunani ne ya daina tsinkewa,
ido ya zauna inda aka aike shi.

Ɗari huɗu da shida ne.
Na buga, ya biya jaka guda, ya hau kabu-kabu.
Bai kai kwana ba aka ɗauke wuta.

Ɓeran na nan, ban kore shi ba,
yana kwance gefen kofin shayi.
Wani sa'in nakan shafa bayansa
don kar ya ce tsufa ya sa na yi butulci.