Ɓaure a Hawa na Huɗu

Jagoda ta aiko ambulan daga Gdańsk,
ƙwayar ɓaure ashirin da ɗaya a ciki,
ƙanana, ko riɗi ya fi su jiki.
Ta rubuta: "Kaka, ganyensa siffar goge ne,
shuka ka gani."
Na yi dariya ni kaɗai a kicin.
Shekara arba'in da shida ina gyaran goge,
ban taɓa ganin wanda ya tsiro daga ƙasa ba.

Ba a binne su, in ji takardar,
a barbaɗa bisa danshi, a bar su su ga haske.
Haske, a Kraków, cikin Janairu!
Rana kan leƙo kamar wadda ake bi bashi,
kafin ka gaishe ta ta sulale.
Sai na ɗauko fitilar teburin aiki,
wadda nake haska cikin goge in nemo tsaga,
na rufe faranti da leda kusa da bututun ɗumi,
na ja kujera.
Daren nan ko rediyo ban kunna ba.

Mako uku, shiru.
Na huɗu, fumfuna ta yi fari fat a gefe,
ta lashe bakwai kafin in farga.
Na kankare ta da bakin wuƙar sassaƙa,
hannuna na rawa,
rawar nan da ta sa na rufe shago,
ƙila na haɗa da masu rai, ban sani ba.

Bożena ta hawa na uku ta hau da jar miya.
"Ludwik, a kantin bakin titi akwai shi,
ya kai ƙugu, zuloti tamanin."
Na ce, ai har goge suna sayarwa a can.
Ta dire kwano, ba ta ƙara ba.

Kwana talatin da takwas,
sai ga kore kamar tsinin allura.
Uku suka ɗago kai.
Ɗaya ya kwanta daren da tukunyar ɗumin gidan ta mutu,
ɗaya ni na kashe shi, da ruwa, da yawan dubawa.
Saura ɗaya tal,
ganyensa kewayayye kamar na kowace ciyawar kan hanya.
Na ce a raina, an cuci yarinyar nan,
sun karɓi kuɗinta sun ba ta haki.
Da ta kira ran Lahadi, ban faɗa mata ba.

Ƙanƙara ta narke. Bazara ta zo ta wuce.
Na sauya masa tukunya sau biyu,
ina zubar da rabin ƙasar a kan takalmina.

Ganye na tara ya warware wata safiyar Oktoba.
Na sa tabarau, na cire, na goge, na mayar.
Kafaɗa siririya, ƙugu a matse, ƙasa ya baje.
Na ɗauko ma'aunin da ya yi shekara uku a aljihun tebur,
na auna shi kamar za a biya ni.
Na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, yadda nake wa katako,
na kara kunne.
Bai ce komai ba.

Jagoda ta ce a dajinsu na asali
sukan yi tsawo su shanye rufin gida,
kuma akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro
mai shiga cikin 'ya'yan,
in babu shi babu iri.
Nan sai tattabaru da ƙarar taragon lantarki.
Ke nan ni da shi duk mun zo ƙarshen layi,
shi dai bai sani ba.

Duk Lahadi nakan juya tukunyar kaɗan,
kada ya karkace wajen taga.
Sannan in jingina shi da bakin ƙofa
inda zanen fensir ya jeru:
Jagoda, shekara biyu. Jagoda, shekara biyar.
In ja masa nasa layin, a karkace.
Saura yatsa huɗu.
Har yanzu bai kamo ta ba.