Inda Ake Jefa Fatsa

Ran Lahadi na lulluɓe keken ɗinki,
na ɗau gwangwanin tanar da na tono a bakin rariya.
Tun a ƙofar shago gardama ta tashi:
yau ina muka nufa?

Sallau ya ce Wasai.
Shi da lissafi yake tafe, kamar mai awo a Singa:
tarwaɗa nawa, karfasa nawa,
a cika bokiti kafin la'asar.
Na ce, in kifi kake so,
ga mai suya can, kuɗin mai ma ya ishe ka.

Ilu kuwa gwiwa ta hana shi nisa.
Shi dai inuwa,
da inda zai jingine babur ba sai yana waiwaye ba,
da busasshen tudun shimfiɗa buzu in azahar ta yi.

Ni ban faɗi nawa ba.
Ta yaya zan ce kududdufin bayan gidanmu,
wanda aka cike da shara da jar ƙasa,
yau bene hawa uku, ana sayar da tayil?
Can kawu Barau ya koya mini soka tana a ƙugiya
ba tare da ta tsinke ba.
Har yau in na gifta da dare
sai in ji kamar kwaɗi na kuka a ƙarƙashin siminti.

Ƙarshe dai Challawa,
can sama da inda ruwan majema ke zubowa.
Ilu ya duƙa ya shinshina,
ya ce nan hanci ya yarda.
Gindin ɓaure. Ba hon, ba janareta,
waya ma ta nemi sabis ta haƙura.
Balbela ɗaya a tsallake, ita ma jira take.

Har inuwa ta juya ba wanda ya yi magana.

Sai sanda ta yi rawa a hannuna:
'yar karfasa, ba ta cika tafi ba.
Na zare ƙugiya sannu,
yadda nake warware ɗinkin da ya karkace,
na mai da ita gida.
Sallau ya riƙe haɓa: lita biyu muka ƙona!

Litinin ina zura zare a allura,
yatsana na sauraron ko za a ja,
sai ga shi ya leƙo da ledar tana.
Ya ce, ɓauren nan fa,
kada ka faɗa wa kowa.