Zugazugi

Kwalin ya iso Toledo ranar Talata,
dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri a bakin gareji.
Mutum biyu suka sauke shi suna nishi.
Babana Wendell ya sa hannu a takarda,
robar iska na lilo a hancinsa,
tukunyarta na biye da shi kan 'yan tayoyi
kamar karen da ba ya haushi.

Shekara talatin da ɗaya a masana'antar gilashi.
Abin da ya tsira da shi: fansho, rabin huhu,
da jar mota mai silinda takwas
wadda ko ƙura ba ta isa ta kwana a kanta ba.

Na ce, Baba, doki ɗari huɗu bai ishe ka ba?
Daga kanti sai asibiti fa kake zuwa.
Ya ce, Marlys, buɗe bonet.

Ya zauna kan bokiti, ya nuna da sanda.
Inji, in ji shi, ba mai kaɗai yake ci ba,
iska yake nema, da kansa yake zuƙa,
iya ƙarfinsa, iya rabonsa.
Wannan kuwa sufacaja ce.
Zugazugi ne da aka ɗaura wa bel,
ɗura masa za ta yi, ko ya so ko ya ƙi.

Ya tsaya ya huta kafin ya ƙarasa maganar.
Na yi kamar ina neman sifana.

Dare uku muka yi.
Hannu nawa, baki nasa.
Na cire murfin sama, na toshe ramuka takwas da tsumma,
na sauya nozul, na sauya fulogi,
na ƙuje 'yan yatsu a jikin lagireto.
Noti ɗaya ya suɓuce, ƙil, ƙil, ya ɓace a ƙasa,
na zage shi da zagin da ban san na iya ba.
Baba ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.

Daga tsakiya ake ɗaurewa, ya ce, a fito waje.
Kar ki matse don haushi.
Ƙarfe ma yana da inda yake cewa ya isa.

Na tuna masa garantin kamfani ya mutu daga yau.
Ya ce, nawa ma ai ya daɗe da ƙarewa.

Dewey Szabo ya zo daren Juma'a da kwamfutarsa,
ya jona waya ƙarƙashin sitiyari,
ya koya wa motar sabon lissafi:
iska kaza, mai kaza, wuta a lokaci kaza.
Ya ce a tayar.

Ta yi gurnani irin na da.
Sai wani siririn kuka ya taso a bayansa,
kamar ana wasa wuƙa a nesa.
Baba ya rufe ido yana saurare.

Da asuba titi ya bushe, gishiri ya yi fari a kwalta.
Ya miƙo mini makulli.
Tukunyar iska tsakanin ƙafafunsa,
ya ce, bari mu wuce gadar tukuna.

Muka wuce gadar.
Na taka totur.
Kujera ta cafke bayana, gonakin masara suka narke,
kukan nan ya hau, ya hau, bai sami rufi ba.
Na saci kallo:
ya sauke gilashi, ya zare robar daga hanci,
ya buɗe baki ga iskar Janairu
tana ɗura masa, ko ya so ko ya ƙi.

Ƙara, ya ce.
Ban ƙara ba. Na ɗaga ƙafa.

A gida ya yi tari na kwata guda,
yana riƙe da madubin mota, hawaye na zuba,
yana cewa bel ɗin na so a ɗan ƙara matse shi.

Notin nan, sai watan Afrilu na gan shi,
da ƙanƙara ta narke, a bakin magudana.
Yana aljihuna.
Bel ɗin kuma na matse.