Shafi Uku

Dakta Asabe ta ce shafi uku,
kada ya ƙaru, kada ya gaza.
Na dawo ƙauye da umarnin a aljihu,
na zauna bisa kifaffen turmi
ina neman dabarar ɗura kogi a kwalbar turare.

Fitilar ta Ilu mai caji ce,
haya nake biya, daga isha zuwa asuba.
Sauro na riga ni duba aikin,
yana sa hannu a ƙaurina.

Sau bakwai na sauya take.
"Tasirin ciyawar kachala ga masunta."
Jan biro ya bi ta kai:
Wane tasiri? Waɗanne masunta?
Ni da na girma da ƙarnin tarwaɗa a rigar ubana,
yau ni ake tambaya waɗanne.

Ta ce matsalar bincike ba ta fito fili ba.
Na karanta wa Kawu Maina haka a bakin ruwa,
ya yi dariya har goro ya suɓuce masa.
Ya ce, "Kawo ta nan ta tsaya.
Matsalar ta fi mutum tsawo,
ta cinye hanyar kwalekwale
tun daga mashaya har gindin giginya.
Jan baki na kwana a cikinta,
da safe ya karya kumallo da shinkafarmu.
Wace fitowa kuma ake so ta yi?"

Waiwayen ayyukan da suka gabata
a kan suri na yi shi,
nan kaɗai waya ke kama sabis.
Masana sun auna ciyawar daga sama,
sun ƙidaya kadada, sun zana taswira mai launi.
Aka ce in nemo giɓin da suka bari.
Kwana tara ina lalube,
ashe yana zaune kusa da ni yana ɗinkin koma:
tafki goma sha ɗaya Kawu ya lissafa da sunayensu,
da kifin da kowanne ya saba bayarwa,
da shekarar da kowanne ya rufe ido.
Ba wanda ya rubuta ko ɗaya.
Amma ta yaya zan sa shi a manazarta?
Ba shi da shekarar bugu,
ba shi da maɗaba'a.

Farfajiyar bincike ita ta fi yi mini ciwo.
Ƙauye uku, iyakar kuɗina ke nan da lokacina.
Na ja layi, sai Inna Yagana ta faɗa waje,
ita da bandarta da ta yi sanyi shekara shida,
don kawai gidanta na ƙauye na huɗu.
Ban gaya mata ba.
Jiya ma ta aiko mini da fura.

Hanyar tattara bayanai:
takardar tambayoyi ɗari da ashirin.
Na rubuta haka, ina kuwa sane
masunci ba ya amsa e ko a'a.
Tambaye shi kamun bana,
sai ya soma daga ambaliyar da ta tafi da jakin kakansa.

Ladan na gyaran murya na kai aya ta ƙarshe.
Shafi uku cif, ba ƙari.
Abin da na yanke ya fi abin da na bari,
yana nan jibge a raina kamar ƙaiƙayi a masussuka.
Gobe motar kasuwa za ta kai ni Haɗeja in buga.

Kawu ya leƙo da lauje biyu a hannu.
"Takardar taka za ta yanke kachala?"
Na ce a'a.
"To me za ta yi?"
Na ce, izini take nema a bar ni in yi tambaya.

Ya jinjina kai, ya miƙo mini ɗaya.
"Kafin su ba ka izinin,
naɗe wandonka."