Hannu Na Biyu

Bayan isha'i na ja ƙofar shago rabi.
Jidda na zufa har cikin bango,
na'urar sanyi na tari kamar tsohon direba.
Ruwaida ta aje jakar makaranta kan kwalin caja,
ta ce, "Baba, yau ne, ko sai wata goben kuma?"
Na ce jawo kujera.

Manhaja uku na sauke a kwamfutar gyara,
kowacce na rantsuwa ita ce Sakhar ɗinmu ta da,
wadda Abba ya sayo a kasuwar gwanjo
da kuɗin dakon wata biyu a tashar jirgin ruwa,
ya shigo da ita cikin bargo kamar jaririya.

Ta farko ta cika kwalliya.
Ta goge hoton, ta kankare masa kaushi,
ta yi wa tsohuwa hoda da jan-baki.
Na ce a'a, tamu da zanzanarta take,
mutum a cikinta tubali ne tun daga kai har ƙafa.

Ta biyu gaggawa gare ta,
jirgi ya wuce kafin yatsa ya gama shawara.
Sauri ya haifi nawa:
na mutu sau uku ban ko gyara zama ba,
Ruwaida na dariya har da riƙe ciki.

Ta uku ba ta da fara'a.
Sai da na bi ta kamar mai sabunta iƙama,
cike nan, saita can, koma ka nemo wancan.
Amma da ta buɗe shuɗin allonta
ta yi ƙarar nan siririya mai karkacewa a wutsiya,
sai na ji warin talabijin in ya ɗau zafi,
da ƙanshin tamis na Bayamalen ƙasan benenmu.
Na ce wannan.
Aku ce, na sani, muryar wani take maimaitawa,
amma ta haddace har inda mai muryar ke in'ina.

Wasa dubu da ɗoriya a jaka guda!
Mu da kaset huɗu gare mu, ɗaya ma na aro,
sai an hura masa iska an yi bisimilla kafin ya kama.
Yau ga su zube kamar dabinon buɗa-baki,
na rasa wanda zan kai wa hannu.
Ta ce na tsere, mai jar mota.
Na ce dakata, akwai wani,
na yi ta gangarawa har yatsana ya gane shi kafin idona.

Tankoki biyu, gida ɗaya suke tsaro.
Shuɗin nawa ne, farin na Tanimu,
ƙanena da bai taɓa tsayawa gadi ba,
kullum yana gaba, ya bar ni da katanga.
Wata safiya motar jawazat ta tsaya a bakin layi,
aka kai shi Kano,
garin da bai sani ba sai a bakin Umma.
Shekara goma sha tara ke nan.

An ce manhajar nan tana mai da lokaci baya.
Na gwada: daƙiƙa goma, harsashi ya koma bindiga,
katangar da ta rushe ta miƙe tsaye.
Na duba ko akwai maɓallin shekaru.
Babu.

Na miƙa wa Ruwaida hannu na biyu.
Na ce ki tsaya hagu, kar ki bar ƙofa.
Ta ce to.
Kafin in ƙifta ta kai tsakiyar fili tana ɓarin wuta,
ni kaɗai a gida, ina toshe ɓaraka.

Na ɗauki sautin a waya, ban ce komai ba, na tura.
Can ƙarfe tara ne, nan sha ɗaya.
Ba a jima ba amsa ta shigo,
bayansa kukan janareto da masu kiran ciniki,
ya yi shiru, ya ja hanci, sannan ya ce,
"Yaya, wa ke riƙe da farin?"